Ɗan wanzami da ya zaɓi kunne, hanci da maƙogwaro

Masu kula da wannan zaure sun ce rubutun wannan mako ni ya faɗo wa, kuma sun ba ni zaɓi. Na ga ya fi in amsa tambayar da wani ɗan uwa ya jefo mini kwanakin baya, lokacin da na sanar da ku cewa na samu gurbin horon ƙwarewa. Cewa ya yi, "Likita, duk faɗin jikin ɗan Adam ka rasa abin da za ka ƙware a kai sai kunne da majina?" Na yi dariya ranar, na ce masa Allah Ya kai mu. To ga amsar, sai dai ku yi haƙuri, tana da ɗan tsawo.

Ni ɗan wanzami ne, jikan wanzami. An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Batsari, can wajen da in ka miƙe yamma babu abin da za ka tarar sai Dajin Rugu. Inna kuwa daga ƙasar Safana aka auro ta, wajen Runka, don haka rabin yarintata a kan hanyar garuruwan nan biyu na yi ta. Tun ban kai shekara goma ba nake ɗaukar wa Baba zabira. Ranar suna mu ne da asuba a ƙofar gidan mai jego. Baba ya yi wa jariri aski, sannan ya ce a riƙe masa kai, ya danne harshe, ya ɗago belu ya yanke. Ƙiftawar ido an gama. A ba mu hatsi, a ba mu ƙafar rago, wani gidan har da kuɗi. Da wannan aka ciyar da mu, da shi aka saya mini takalmin makaranta da littattafai. Ina so ku riƙe wannan, don in na zo ga batun belu kada wani ya zaci ina zagin sana'ar da ta raine ni.

Mu bakwai Inna ta haifa. Ta ƙarshe ita ce wadda kowa ke kira Auta. Yarinya ce mai surutu, irin wadda za ta tare ka a zaure ta ba ka labarin duk abin da aka yi a gida tun fitarka. A bazarar 2009, shekarar da sanƙarau ya ratsa Arewa da Nijar, Auta tana da shekara biyar ta kwanta da zazzaɓi. Aka ce zazzaɓin sauro ne. Aka kai ta wajen wani mai kemis ya yi mata allurai kwana biyu. A rana ta uku wuyanta ya sandare, idonta ya juye, sai aka ɗora ta a kan babur zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana, ta tashi. Muka yi sadaka, muka gode wa Allah, don akwai gidajen da ba a dawo da nasu ba.

Bayan ta dawo gida ne halinta ya sauya. A kira ta, ta yi banza da mutum. A aike ta ta kawo ludayi, ta kawo tsintsiya ko ta tsaya tana kallon bakinka. Kowa ya ce ciwo ne ya sangarta ta, ta koyi rashin ji. Kun san mu da Hausa, kalma ɗaya muke amfani da ita ga yaro mai taurin kai da wanda kunnensa ya mutu. Watanni muka yi muna cewa Auta ba ta ji, kuma gaskiya muke faɗa, amma ba mu san gaskiyar da muke faɗa ba. Ni da kaina na taɓa zane ta da tsumagiyar dalbejiya, saboda na ce ta kore awaki daga shanyar gero sau uku ba ta motsa ba. Ina da shekara 15 lokacin. Har yau ina ganin yadda ta juyo tana kallona, ba ta san laifin da ta yi ba.

Wanda ya gano kuwa kakarmu ce. Wata rana kwanon sha ya suɓuce a bayan Auta ya faɗi a kan dutsen niƙa, kowa ya zabura har kaji suka watse, ita ko gezau. Tsohuwa ta ce, "Ku bar dukan ɗiyar nan, kunnen ne babu." Daga nan aka shiga nema. Aka yi rubutu, aka yi turare don wasu sun ce iska ce, Baba ya yi mata ƙaho a bayan kunne, wata maƙwabciya ta kawo wani mai aka ɗiga. Duk cikin waɗanda muka je wajensu, har da masu farar riga, babu wanda ya ce mana akwai wurin da ake gwada ji, ko akwai likitan da aikinsa ke nan. A hankali maganar Auta ta riƙa lalacewa, kalmomi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, tunda ba ta jin muryar kanta balle ta gyara. Kafin ta kai shekara goma yara sun fara kiranta bebiya. Makarantar boko ta bari, allo ma da ƙyar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tun ranar na ƙudurta zama likitan kunne ba. Ni dai likita nake so in zama, saboda na ga ana girmama su, kuma na gaji da ɗaukar zabira. Sau biyu na zauna jarrabawar JAMB kafin na samu shiga Jami'ar Bayero a Kano a 2014. Karatun da aka ce shekara shida ne, da yajin aikin malamai da korona ta 2020 sai da ya ci mini bakwai. A ajinmu kowa da burinsa. Masu son kuɗi suna cewa ɓangaren mata da haihuwa, tunda haihuwa ba ta ƙarewa. Masu son suna suna cewa tiyatar ƙwaƙwalwa ko zuciya. Ni ma can hankalina yake. Kunne, hanci da maƙogwaro kuwa 'yan makonni ake ba shi a cikin duk shekarun nan, ɗalibai suna ɗaukarsa wurin hutawa kafin babbar jarrabawa.

Abin da ya juya ni ya faru ne a daminar 2019, ina aji biyar. Waɗanda suke Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya ba sai na ba ku labarin wannan shekara ba. Wani dare mutanen daji suka shigo ƙauyenmu. Kowa a garin ya san ƙarar baburan nan tun daga nesa, kuma da ita ake tsira: da ka ji, sai ka ɗauki yaro ka faɗa cikin gero. Haka gidanmu suka yi. Sai da suka yi nisa cikin gona Inna ta ƙirga kawuna a cikin duhu, ta ga babu Auta. Ta kwana a ɗakin kakarmu da ta rasu, ita kaɗai. Baba ya koma. Ana harbi a bakin masallaci, ya bi ta bayan danga ya shiga, ya tarar da ita tana barci lafiya lau. Da ya girgiza ta a cikin duhu ba ta gane shi ba, ta fasa ihu, sai da ya toshe mata baki ya ja ta. Allah Ya kiyaye su duka biyun. An kora shanunmu, an ƙone rumbu biyu, an kashe maƙwabcinmu.

Bayan sati guda suka kwashe suka koma cikin garin Batsari, ɗaki biyu na haya. Da na zo hutu na ga wani abu da ya hana ni barci. Idan za su kwanta, Inna tana ɗaure gefen zanenta a hannun Auta, ɗaya gefen a nata hannun. Budurwa mai shekara 15. Na tambaye ta, ta ce, "Ni ce kunnenta. In na ji, na ja." Hausawa suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ban taɓa auna nauyin maganar nan ba sai a ɗakin.

Da na koma Kano, ba a jima ba aka tura rukuninmu ɓangaren kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan karon da idon Auta na shiga. Ranar farko wani babban likita ya ba ni tocilan duba kunne ya ce in leƙa kunnen wani yaro. Na ga dodon kunne da ƙaton rami a tsakiya, ruwa yana tsatsafowa. Uwar ta ce shekara huɗu ke nan kunnen yana ruwa, kuma ai kowane yaro yana yi. A nan na fara fahimtar yadda abin yake aiki. Sauti yana bugun dodon kunne, dodon ya motsa wasu ƙasusuwa uku da babu ƙanana kamarsu a jikin mutum, su kuma su tura motsin cikin wani abu mai siffar katantanwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne suke mayar da motsi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ramin dodon kunne ana iya facinsa da tiyata. Ƙasusuwan ma ana iya gyarawa. Amma waɗannan masu gashin, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Sanƙarau yana kashe su. Ƙyanda da hangum suna iya kashe su. Wasu allurai irin su jentamaisin, in aka yi su barkatai, suna kashe su. Ƙarar injin niƙa da mutum zai shekara goma a kansa ba toshiya tana cinye su a hankali.

Na kuma karanta cewa duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa da wuri, saboda katantanwar tana iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, kuma in ta cike, ko na'urar nan mai tsada da ake dasawa a cikin kunne da wuya ta shiga. Ina karanta wannan a ɗakin karatu na rufe littafin na fita waje. Shekara goma ke nan da ciwon Auta.

Duk da haka na ci buri. Lokacin da nake shekarar gwajin aiki na tara kuɗi na kawo ta Kano. Aka sa ta a ɗakin gwaji, aka ɗora mata abin ji a kai, aka ce in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ina tsaye bayan gilashi ina kallo, ana ƙara sauti har ƙarshen na'ura, hannunta yana kan cinya. Hoton kai ya nuna abin da nake tsoro. A motar komawa ta taɓa ni, ta nuna kunnenta, ta juya tafin hannu, wato yaya? Na girgiza kai. Ta yi shiru, can ta nuna ni, ta kwaikwayi mai karatu, ta sake juya hannu: to karatun me kake yi? Tana dariya ta yi tambayar, amma ban samu amsar da zan ba ta da hannu ba. Na nemi gafararta kan dukan nan na shanyar gero. Ta ce ba ta tuna ba. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko ta rufa mini asiri ne.

Saboda haka duk wanda ya zaci na shiga wannan fanni don in warkar da ƙanwata, ya sani wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya riƙe ni shi ne layin da nake gani kowace safiya a ƙofar ɗakin duba marasa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. A rahoton da ta fitar kan ji a 2021 ta ce a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi 78 cikin 100 ba su da ko likitan kunne ɗaya ga mutum miliyan guda. Ni ban buƙaci rahoto ba. Na san cewa daga ƙauyenmu, in yaro ya cusa wake a hanci ko ya haɗiye kwabo, sai an dangana da Katsina, wani lokaci Kano ko Zariya ko Kaduna, a kan hanyar da direba ke addu'a kafin ya hau.

Kuma aikin ya wuce majina, ɗan uwa mai tambaya. Na ga yaro ɗan shekara biyu da gyaɗa ta faɗa masa hanyar numfashi, ya yi baƙi, aka zura ƙarfe mai fitila aka ciro ta, ya buɗe baki ya tsala kuka, uwar ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Na ga ruwan kunnen da aka raina ya ci ƙashin bayan kunne ya tara mugunya a ƙwaƙwalwa. Na ga dattijon da muryarsa ta dishe wata shida yana shan zuma da citta, ashe ciwon daji ne a maƙoshi. Na ga ƙaramin batirin agogo ya ƙone tsakiyar hancin yarinya cikin yini guda. Na ga manomi daga yankinmu da harsashi ya ratsa wuyansa, aka huda masa maƙogwaro aka sa bututu ya samu numfashi. Duk wannan aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne.

Yanzu bari in zo kan Baba. Da na gaya masa abin da na zaɓa, murna ya yi. Ya ce, "Ashe dai gado ka dawo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ya riƙa gaya wa abokansa a majalisa cewa ɗansa wanzamin Turawa ne. Sai ni kuma, da zafin sabon ilimi, na zaunar da shi na ce ya daina cire belu. Na ce belu halitta ce mai amfani, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya, ba ta girma ta toshe wuya, ba ita ke sa jariri amai ko ƙin nono ba. Na ce na ga jariran da aka kawo jini ya ƙare musu bayan an yanke ta, na ga waɗanda cutar tetanus ta sandarar, kuma aska ɗaya tana iya raba ciwon hanta ga yara goma. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma har gobe ina kan bakana. Amma a gaban ƙannena na faɗa, da muryar da ba a yi wa uba magana da ita.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Likita, kai ma na cire maka, ga ka nan kana yi mini wa'azi da maƙogwaron. Da kuɗin belun aka biya maka jarrabawa sau biyu." Ya tashi ya shiga ɗaki. Wata uku in na kira sai ya miƙa wa Inna wayar. Ana cikin haka, a watan Satumba na 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Ina Kano, ban san halin da suke ciki ba sai in wani direba ya kawo saƙo. A watannin nan na yi ta tunanin mutumin da ya koma cikin harbi ya ɗauko 'yarsa, da ni da na zo ina koya masa darajar ran yaro. Gonarsa tana hannun 'yan bindiga, shanunsa sun tafi, abin da ya rage masa a duniya zabirar nan ce, ita na ce ya ajiye, ban kuma kawo masa abin da zai ci a madadinta ba. Da na samu zuwa gida na durƙusa na ba shi haƙuri kan lafazina. Ban janye maganar ba, shi ma bai ce ya yarda ba. Muka bar ta a nan.

Sai a 2023, lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano ya bazu zuwa jihohin maƙwabta har da tamu. Wata rana da hantsi ina wurin bautar ƙasa sai ga kiran Baba, shi da kansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "An kawo mini yaro a cire mashi belu, ba ya iya haɗiya. Na buɗe bakin na ga wani farin abu kamar fata ya shimfiɗe a wuyan, wuyan kuma ya kumbura. Shekara arba'in ina buɗe bakin yara, ban san wannan ba. Ban taɓa ba. Mi za a yi?" Jikina ya yi sanyi. Farar fatar nan ita ce alamar mashaƙo, in aka kankare ta jini take yi, tana iya toshe numfashi, dafin cutar kuma yana kama zuciya. Na ce a tafi asibiti yanzu, kada a tsaya ko'ina, shi ma ya wanke hannu ya je a ba shi magani, a kuma duba sauran yaran gidan. Da kansa ya raka su tasha. Yaron ya rayu.

Daga ranar muka samu wata irin yarjejeniya da ba mu taɓa furtawa ba. Duk yaron da aka kawo masa da zazzaɓi da ciwon wuya, ko kunne mai ruwa, ko wanda aka ce ya cika rashin ji bayan rashin lafiya, sai ya kira ni. Ni ma na gane cewa mutanenmu wanzami suke fara kai wa yaro kafin kowa, kuma idon da ya shekara arba'in yana duba maƙogwaro ba abin yarwa ba ne. Na kawo masa safar hannu da reza sabuwa ta aski da kaciya, kowane yaro da tasa. Belun jarirai kuwa, ba zan ɓoye muku ba, har yanzu in iyaye suka matsa yana yi, ko da yake ya ce ya rage. Wannan magana tana nan tsakaninmu ba ta mutu ba.

Ga ƙannenmu da ke cikin zauren nan masu sha'awar wannan hanya, ga yadda take. A sakandare ka riƙe Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ka ci su da kyau a WAEC ko NECO. A JAMB makin likitanci yana cikin mafi tsada, in ba ka samu a karon farko ba ka sake, ni shaida ne. Jami'a shekara shida, sai shekara guda ta gwajin aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Daga nan ka zauna jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. In ka ci, ka nemi gurbi a asibitin da aka amince ya yi horon. A Arewa akwai asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya da Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Horon kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, da manyan jarrabawa biyu da rubutun bincike a ƙarshe. In ka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa zama babban likita shekara 13 zuwa 14 ne, in komai ya tafi daidai. Wanda bai samu likitanci ba kada ya ce shi ke nan. Fannin yana buƙatar nas-nas masu horo na musamman, da masu gwajin ji, da masu koyar da magana, da malaman maganar hannu irin na makarantar kurame ta Malumfashi da ta Tudun Maliki a Kano. Da an kai Auta ɗaya daga cikinsu tana ƙarama, da yau tana karanta wannan rubutu da kanta.

Ga iyaye kuma, abu kaɗan nake roƙo. Kunnen yaro in yana ruwa ba al'ada ba ce, a kai shi asibiti, kada a ɗiga manja ko nono ko ruwan ganye. A bar sosa kunne da tsinken ashana da gashin kaza. In yaro ya sa wani abu a hanci ko kunne kada a yi ta tono, ana ƙara tura shi ne, in batiri ne kuwa a tafi a lokacin. Mai haɓo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan hancinsa minti goma. Muryar da ta dishe fiye da sati uku a je a duba. A kai yara rigakafi, don ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau duk suna da allura. Yaron da ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani ya daina amsa kira, kafin a ɗauki bulala a tsaya bayansa a tafa hannu a gani.

Akwai abin da ke damuna, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Wannan ƙwarewa da na shiga dominku, ita ce za ta nisanta ni da ku. Tiyatar kunne tana son madubi mai ƙara girman abu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan sa barci. Waɗannan suna manyan birane. Da yawa daga cikin waɗanda muka gama tare suna Saudiyya da Ingila, kuma ba na zarginsu, ni ma an turo mini takardun cikewa, suna nan a wayata ban goge ba. Ina da mata da ɗa, ina da iyaye a gidan haya. Ba zan yi muku rantsuwar da ban san ko zan iya cikawa ba. Abin da na sa a gaba shi ne in na gama in nemi aiki a Katsina, inda mutumin Wagini ko Zakka zai iya zuwa ya koma a yini guda, in kuma riƙa koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocinmu duba kunne, tunda yawancin abin da ke kurmantar da yaranmu tocila da magani mai araha sun ishe shi in an gani da wuri. In kun ga shekaru sun wuce na yi shiru, ku nemo wannan rubutu ku turo mini.

Auta tana nan lafiya. Tana ɗinkin hula, kuma hannunta ya fi na duk matan layinsu. Ni ne na zama ɗalibinta a maganar hannu, tana yi mini dariya in na kuskure. Sunan da ta sa mini shi ne ta kama kunnenta ta ja, sannan ta nuna aska a tafin hannu. Inna har yanzu tana ɗaura zanen nan da dare, ko da yake suna cikin gari.

Wanda yake da tambaya kan karatun ya ajiye ta a ƙasa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in na fito daga aiki. Amma don Allah kada a turo mini hoton kunne a ce in rubuta magani, sai an duba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da sauran yankunanmu, mutane su koma gonakinsu. Amin.